Kada A Sa Pepa A Kwalba

Babo: Alo? Alo! Waye?

Zori: Barka da rana. Gidan Velika matar Stoimen ne? Daga asibiti ne. An kawo mana ƙara wai kina cin cuku mai gishiri a tsaye, a bayan ƙofar kicin.

Babo: Wayyo likita, ɗan gutsure ne fa, ko kaza ba zai ƙosar… Tsaya. Zornitsa! Ke ce ko?

Zori: Ni ce, Babo. Ina wuni?

Babo: Ja'irar yarinya! Wata rana sai kin tsayar mini da zuciya kin huta. Wace irin jika ce ba za ta kira kakarta da muryar da Allah ya ba ta ba?

Zori: Ai kin amsa laifinki tun ban matsa ba. Ya gida? Ya gwiwar?

Babo: Gwiwa tana nan, ita ke gaya mini za a yi ruwa tun kafin rediyo ya faɗa. Ya Burgas, ya bakin teku? Ya aikin otal ɗin? Suna ba ki abinci kuwa?

Zori: Sau uku a rana.

Babo: Sau uku na me? Ganye? Na ga hotonki, wuyanki kamar na zakaran da aka fige.

Zori: Lafiyata ƙalau. Ya Dyado? Yana nan yana faɗa da inabinsa?

Babo: Kakanki yana nan. Lafiyarsa… yana nan dai. Yau gashin tattasai muke, buhu huɗu, hayaƙi duk ya… Alo? Kina ji na?

Zori: Ina ji, layin ne ke ɗan ƙara.

Babo: Ƙarar gaske ce, ko ke ce kike yi da baki kamar yadda kike yi wa uwarki in ta fara maganar aure?

Zori: Na rantse wannan ta gaske ce. Ya kaji? Ya akuyar maƙwabta, ta sake shigowa?

Babo: Ta shigo, ta ci wake, ta fita, ba ko na gode. Ke, wai in tambaye ki. Akwatin gilashin nan naki, in aka zubar da yashin aka wanke shi tas, ai zai yi renon irin tumatir ko?

Zori: Wane akwatin?

Babo: Ba yanzu ba fa. Nan gaba.

Zori: Babo. Akwatin gilashi ɗaya gare ni a gidanku, kuma Pepa ce a ciki. Don me za a zubar da yashin?

Babo: Na ce miki tattasai ya yi kyau bana? Manya-manya, ja wur…

Zori: Babo Velika.

Babo: To. Ki zauna. Kina zaune? Mun so mu bari sai kin dawo ƙarshen wata. Ƙwaron nan naki dai… Allah ya karɓi abinsa.

Zori: Yaushe?

Babo: Yau kwana tara. Na je coci ma na kunna mata kyandir, ƙarami. Fada ya tambaye ni na waye, na ce na wata baƙuwa ce da ta sauka a gidanmu. Ai ban yi ƙarya ba.

Zori: Kwana tara. To, gaya mini tun daga farko. Takardar da na manna a jikin gilashin, me ta ce?

Babo: Ta ce gyare ɗaya a mako.

Zori: Nawa kika ba ta?

Babo: Haba Zori, gyare ɗaya a mako! A gidana? Ko ɗan gidan yari ai ya fi haka. Kullum ina wucewa tana kallona da bakin nan nata kamar almakashi biyu, tana ɗaga hannuwa.

Zori: Ba roƙo take ba, haka gizo-gizon raƙumi suke yi. Nawa?

Babo: Uku.

Zori: A mako?

Babo: A rana. Ran Lahadi kuma ɗan niƙaƙƙen nama. Kindirmo ne dai ta ƙi.

Zori: Kin ba Pepa kindirmo!

Babo: Ta ƙi, na ce miki! Kuma murfin nan duk huji ne, iska na ratsa ta ta ko'ina. Iskar taga ce ta kwantar da mijin maƙwabciyarmu Gergina wata biyu. Sai na rufa mata bargo.

Zori: Hujin na numfashi ne, Babo. To, ya wuce. Sai me ya faru?

Babo: Sai ta daina ci. Ta yi ta haƙa, ta yi ta haƙa, yini biyu tana tura yashi da baki kamar ma'aikacin hanya. Ta yi rami a yashin dab da gilashin, ta kwanta rigingine. Shi ke nan. Na ƙwanƙwasa, na kira sunanta, ko gezau.

Zori: Ta daina ci, ta haƙa rami, ta kwanta rigingine. Babo, kin san me? Ba ta mutu ba.

Babo: Wayyo 'yar nan. Haka na yi ta cewa ranar da uwata ta…

Zori: Saɓa za ta yi! Kamar maciji. Rigar ta matse ta, za ta tuɓe ta fito da sabuwa. Kafin nan sai ta sandare kamar itace, mako biyu, uku, har fiye. Sau uku tana yi mini haka a ɗakina na birnin Sofiya. Ke ce ba ki taɓa gani ba.

Babo: Sabo? Da wa za ta saba?

Zori: Saɓa! Fata! Za ta sake fata! Shekara ɗaya da wata huɗu tana hannuna, tun tana kamar farcen yatsa. Duk 'yan ƙungiyarmu ta masu kiwon irinta nasu wata uku suke yi su mutu, saboda ɗura da taɓe-taɓe. Rabinsu ma ba mutuwa suke ba, masu su ne ke zubar da su a shara suna tsakiyar saɓa. Ki bar ta a raminta kawai, kada kowa ya taɓa akwatin.

Babo: To ai… ba ta cikin ramin.

Zori: Tana ina?

Babo: A faranti. A kan teburin gindin inabi. Kakanki ne ya ɗebo ta da cokalin miya ɗazu, har da yashin ƙarƙashinta. A hankali ya yi, kamar mai ɗauko ƙwai.

Zori: A waje? Ga kaji?

Babo: Na kife ta da rariya. Ni ba yarinya ba ce.

Zori: Me ya kai ta faranti?

Babo: Alheri zai yi miki. Ya ce ba za ki dawo ki tarar da ƙura ba. Zai sa ta a kwalba ya cika da rakiya, barasar inabin nan tasa, ta zauna garau shekara ɗari, ki riƙa ganinta a kan kanta. Yana ɗakin ƙasa yanzu yana ɗebowa.

Zori: Babo, tashi! Ɗauki tabaranki ki tafi wurin teburin nan. Yanzu!

Babo: Tattasai na kan wuta…

Zori: Ya ƙone! Tafi!

Babo: Ji yarinya, buhu huɗu wai ya ƙone. Ina tafiya, gwiwar ba ta mota ba ce. Kai, kaza, matsa can! To, ga ni. Na ɗaga rariya. Ubangiji, muninta ko a mace bai ragu ba.

Zori: Ƙafafunta. A naɗe suke a ƙarƙashin ciki kamar an dunƙule hannu, ko a miƙe?

Babo: A miƙe. Duk sun koma baya, kamar yaran nan in za su faɗa kogi.

Zori: Yawwa! Cikin fa? Ya motse ko a cike yake?

Babo: A cike tim. Wannan kam aikina ne.

Zori: Sunkuya ki sansana.

Babo: In me?

Zori: Sansana! Da hanci!

Babo: Shekara saba'in da huɗu, ni ce yau da sansanar ƙwaro. Hmm. Ƙamshin tattasai kawai nake ji.

Zori: Kwana tara a zafin nan, a ƙarƙashin bargo, ba wari, ba ƙuda, ba tururuwa. Wace gawa ce ke haka? Da ranta, Babo. Ko shakka babu.

Babo: Kai! Ashe kyandir ɗina ya tafi a banza. Ga kakanki nan ya fito da kwalba. Stoimen! Stoimen! Jikarka ce, wai ƙwaron bai mutu ba!

Dyado: Wa ya mutu kuma?

Babo: BAI mutu ba! Ungo, ka ji da kunnenka. Ɗaya kunnen, wancan ai ado ne.

Dyado: Alo? Zori? Jikalle, ya teku? Sannu da haƙuri. Kada ki yi kuka, kakanki ya shirya komai.

Zori: Dyado, ina wuni, ya inabi, don Allah ajiye kwalbar nan. Pepa barci take, za ta sake fata ne.

Dyado: Barci. Kwana tara.

Zori: Har ashirin tana yi.

Dyado: Saurara, 'yar boko. Na binne jakai biyu, karnuka biyar, da surukata. Na san gawa in na gan ta.

Babo: Uwata ka haɗa da jakai?

Dyado: Lissafi nake, ba haɗawa ba. Zori, kin san wace rakiya ce wannan? Wadda na rufe shekarar da aka haife ki ce. Shekara ashirin da biyu tana jiran bikinki. Da hannuna na fasa kakin tulun yau. Tunda ba ango ba alamarsa, gara ƙwaron da kike so ya fara ɗanɗanawa.

Zori: Na gode, Dyado, har cikin raina. Amma kana tsoma ta, ka kashe ta. Mayar da barasar tulu.

Dyado: Ba a mayarwa. Ubana bai taɓa mayarwa ba, ni ma ba zan fara ba. Kuma in na bar ta kwana biyu nan gaba, ƙafafun za su fara zubewa, ki zo kina cewa kakana bai iya komai ba.

Zori: Ba ni mako ɗaya. In ta yi wari, ni da kaina zan ce ka…

Dyado: Alo? Ba na ji. Baƙin ciki ne ke magana, ba ke ba. Velika, riƙe, bari in ɗauko matsefatar nan, bakin kwalbar ya yi wa cokali ƙanƙanta.

Zori: Dyado! Dyado!

Babo: Ya shiga ɗaki. Kin san halinsa, in ya fasa kakin tulu ko Fada bai isa ba.

Zori: Ɗauke farantin ki ɓoye.

Babo: In ɓoye ina? In na kifar da ita fa? Kuma zai bi ni har ƙarƙashin gado. Shekara hamsin da ɗaya ban taɓa ɓoye masa ko alewa ya kasa ganowa ba.

Zori: To. Wa yake tsoro a duniyar nan?

Babo: Ba kowa. Sai yayarsa Donka.

Zori: Yana fitowa ki ce Goggo Donka ce ta kira. Ki danna lasifika.

Babo: Ke! Ƙarya a bakina, ranar Laraba, ranar azuminmu? Kuma ai Donka yau tana…

Zori: Babo, ba lokaci. Ji nan. Ehem. Ehem-hem. "Velika, miyar nan taki gishiri ne ya yi kaɗan ko ƙauna?"

Babo: Uwar Ubangiji! Har tsigar jikina ta tashi. Har da tarin! Amma bari in gaya miki, Donka fa…

Zori: Kin fi son a kashe baƙuwar da kika ciyar sau uku a rana, a kan teburinki?

Babo: A'a, wannan kam ba a gidana ba. Ga shi nan. Stoimen! Zori ta kashe waya, yayarka ce kuma ta kira!

Dyado: Ce mata ina gona.

Babo: Tana jin ka, a lasifika take.

Zori (da muryar Donka): Ehem-hem. Menko! Gonar ce a gindin inabi?

Dyado: A'a, Yaya, ina wuni? Wasa nake. Ya ƙafa? Ya hawan jinin?

Zori (da muryar Donka): Hawan jinina yana lafiya sai da na ji labarinka. Me ke hannunka?

Dyado: Ba komai. Matsefata ce.

Zori (da muryar Donka): Ɗaya hannun.

Dyado: Kwalba.

Zori (da muryar Donka): Barasar bikin yarinya. Wadda aka dafa a tukunyar ubanmu. Ka fasa ta ba ango, ba makaɗi, ba ni, saboda ƙwaro.

Dyado: Ƙwaron yarinyar ne, Yaya, ya mutu, na ce bari in…

Zori (da muryar Donka): Ya mutu! Kai ne kuma mai sanin wanda ya mutu? Ehem. Wa ya binne mini kunkuru?

Dyado: Haba Yaya. Shekarata bakwai lokacin.

Zori (da muryar Donka): Kunkuruna na barcin sanyi a cikin kwando, ka ɗauke shi ka haƙa rami a bayan rumbu, ka kafa masa gicciye da tsinke, har da waƙar coci. Na yi kuka wata uku! Sai da sanyi ya wuce, wa muka tarar a cikin albasa yana ci?

Dyado: Kunkurun.

Zori (da muryar Donka): Da ƙarfi, ba na ji.

Dyado: Kunkurun, Yaya!

Zori (da muryar Donka): Shi ƙasa ka sa shi, ya tono kansa. Wannan in ka tsoma ta a kwalba, ta ina za ta tono? Ajiye matsefatar nan.

Dyado: Na ajiye.

Zori (da muryar Donka): Velika, ya ajiye?

Babo: Ya sa a aljihu.

Zori (da muryar Donka): A tebur, Menko! Yanzu ɗauki farantin da hannu biyu ka kai wurin akwatin. Kada ka girgiza. Velika, bi shi da wayar.

Babo: Muna tafe. A hankali, ga dakali. To, mun shigo.

Zori (da muryar Donka): Yaye bargon nan, ba jaririya ba ce. Akwai gyare a ciki?

Babo: Akwai… ɗaya, biyu… bakwai. Na ci gaba da zubawa ne ko za ta farka da yunwa.

Zori (da muryar Donka): Bakwai! Ku kwashe su tas. In ta tuɓe fata jikinta laushi zai yi kamar cuku, gyare ɗaya ya isa ya cinye ta da rai.

Dyado: Yaya, yaushe kika san harkar gyare haka?

Zori (da muryar Donka): Ehem! Ehem-hem! Ina kallon talabijin, ba irinka ba da sai labarin farashin inabi. Kama!

Dyado: Ina kamawa. Velika, tare can! Ya shige hannun rigata! Huɗu. Biyar. Kai, ɗan banza! Shida. Ina na bakwai?

Babo: Ga shi a kan hularka.

Dyado: Bakwai.

Zori (da muryar Donka): Yanzu cokali. Ɗebo ta da yashinta, ka kwantar da ita a ramin yadda ka same ta, rigingine. Kada ka juya ta, kada ka gyara mata ƙafa. Ka jingina ɓawon itacen nan a sama ya yi mata duhu. Ruwa cokali ɗaya, a can ɗaya kusurwar, ba a kanta ba.

Dyado: Zan yi, Yaya, don kin ce. Amma ina gaya miki, mako ɗaya za ku zo kuna… Kai! Kai, kai, kai!

Babo: Mene ne? Ta cije ka?

Dyado: Ta motsa! Velika, ƙafar! Ta baya! Dubi, ta sake!

Babo: Na gani! Ubangiji mai iko, na gani! Kamar mai miƙa da safe!

Zori: Ta motsa? Wace ƙafar? Dyado, sauke ta a… Ehem! Ehem-hem! Menko, sauke ta a hankali, na ce.

Dyado: Na sauke. Ta kwanta. Na rufe da ɓawon. Yaya, da na tsoma ta fa. Saura ƙiris. Da wane ido zan kalli yarinyar nan?

Zori (da muryar Donka): Ba sai ta sani ba. Ka dai bar akwatin nan har ta dawo. Ba ƙwanƙwasawa, ba bargo, ba kindirmo. In ta fito da sabuwar fata ma, sai ta yi mako kafin a ba ta gyare. Ɗaya, Velika.

Babo: Ɗaya. Na ji. Ƙarami ko babba?

Dyado: To barasar fa? Ba a mayarwa.

Zori (da muryar Donka): Ka sha rabi don lafiyar ƙwaron, ka ajiye mini rabi in na zo.

Babo: Ai abin da nake ta son gaya miki ke nan tun ɗazu…

Dyado: Velika, wa ke taɓa ƙofar gida?

Babo: Ni na ce ta zo ta taya ni ɓare tattasai. Ban gaya maka ba don kada ka gudu gona.

Donka: Ehem-hem! Masu gida! Tattasai na ƙonewa a waje, ku kuna ɗaki kun kewaye akwatin yashi? Menko, me ya same ka kake kallona kamar ka ga fatalwa?

Dyado: Yaya… kina ƙofa.

Donka: Da ta taga zan shigo?

Dyado: Kina ƙofa, kuma kina waya.

Donka: Ni? Miƙo nan, Velika. Alo? Wace ce ni?

Zori: Goggo Donka! Ina wuni? Ya ƙafa? Ya hawan…

Dyado: Zornitsa! Ke ce? Ke ce kika sa na ce kunkuru da ƙarfi?

Zori: Dyado, ƙafar ta motsa ko ba ta motsa ba?

Dyado: Ta motsa, amma…

Donka: Wane kunkuru? Nawa? Menko, zubo mini abin kwalbar nan tukuna. Ke kuma 'yar nema, an daɗe ana ba ni labari. Yi mini tarin nan in ji.

Zori: Kshhh… Goggo… kshhh… layin ne… iskar teku…

Donka: Da baki kike yi, ina jin numfashinki.

Zori: Kshhh… kada kowa ya taɓa Pepa… gyare ɗaya… kshhhh…

Donka: Zornitsa! Alo? Alo! Ta kashe.